Musayar waƙa: Zaman dadiro a unguwannin ɗalibai

Ɗan Samaru:
Sallama gare ku 'yan zaure,
Ga ɗalibai can zaune tare,
Ɗaki guda ba ɗaurin aure,
Girki da rana, kwana da dare.

Uwa na gida wuya take jure,
Ta sai da akuya kuɗi ta ware,
Tana zaton 'yarta na a tsare,
Ashe katangar tuni an ture.

'Yar Kongo:
Yaya, ka zo da yawan baki,
Ka taɓa tambayar kuɗin ɗaki?
Gado a hostal ya zam mamaki,
Kan ka cika fom an rufe, sai tsaki.

A 2022 ASUU ta malaman jami'a ta tafi yajin aiki,
Wata takwas, haya tana cin ɗaki,
A 2023 tallafin mai ya yi saki,
Kuɗin mota ya haura na girki.

Na Ɗanbare: Allah ya ƙara basira, 'yar'uwa! Mu ma nan bakin sabuwar BUK, Jami'ar Bayero ta Kano, haka hayar take. Ɗan Samaru, an fa kai ka ƙasa.

Malam Na-Tudu:
Ɗiyata, tsadar haya mun sani,
Ba ta halasta abin da Allah ya hani,
In rabon haya kike nema da wani,
Ga 'yan mata 'yan'uwanki, nemi wuni.

Mai Aruli: Malam, ma'anarka ta tsaya daram, amma “nemi wuni” amsa-amo ne ya tilasta maka, kwana ake magana ba wuni ba. Ke kuma 'Yar Kongo, ɗangon ASUU ya fi 'yan'uwansa tsawo nesa. Lamba ba ta hawa kari.

Na Ɗanbare: To sai ta ɓoye shekarar don kari ya daidaita? Na Ɗan Samaru fa, “tsare” da “ture”, me ya sa ba ka auna su ba? Ko don kun fito gari ɗaya?

Mai Aruli: Na auna. Nasa ya ɗingisa a “wuya take jure” kaɗai. Rera nata da baki ka ji inda numfashi zai yanke maka.

'Yar Kongo:
Mai Aruli, auna min da mudu,
Ni yunwar ɗalibai ta sa ni gudu.
Malam, ban ce halal ba ne, na rantse,
Dalili na faɗa, kada a cakuɗe.

Mai Aruli: “Rantse” da “cakuɗe” ba su haɗu ba.

Gwaggon Yara: Ku yi haƙuri, sai yanzu na samu caji. Kun bar yarinyar kun koma awon baiti. Ga nawa, ko ya karye.

Ita ke wanki, ita ke tuwo,
Shi yana laburare, sai dare ya dawo,
In ciki ya shiga, wa zai ɗauko?
Ita ke barin aji, ita ke ciwo.

Ya gama, bautar ƙasa ya wuce,
Ya canza layi, maganar ta mace,
Iyayensa su ce wannan ba mata ba ce,
A nemo masa ta gida, mai kunya ce.

Mu iyaye ma da namu laifi,
Akwatunan lefe mun sa su sun yi nauyi,
Rubu'in dinari sadaki ne ingantacce,
Amma “sai ka gama” muke ta maimaici.

Malam Na-Tudu: Hajiya, baitin ƙarshe nan kin taɓo inda ke min ciwo. Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata na 2023. Ɗalibin da ya zo da niyyar aure, me zai hana a sauƙaƙa masa haka?

Ɗan Samaru:
Gwaggo, na karɓa, na sunkuya,
Amma wa zai ciyar in an kai amarya?
Kuɗin makaranta ma rance ake biya,
'Yar Kongo, ke ce gwanar lissafi, ki buga mu jiya.

Mai Aruli: “Mu ji” ake cewa.

'Yar Kongo: Ina da jarrabawa ƙarfe takwas. Gobe da la'asar zan kawo lissafin, da lambobinsa duka.