Tashi daga gida a Maraɗi: yadda ake ɗaure kaya, da kayan da kuɗi ba ya maye gurbinsu

Mai tambaya, unguwar Bagalam: Assalamu alaikum. Iyali ne masu mutum tara za su bar gidan gado su koma sabon gini a unguwar Zariya. Akwai kayan ɗakin mata biyu, da kayan marigayiya kakar gidan da ba a taɓa ba tun rasuwarta, da hatsi, da dabbobi. Waɗanda suka san aikin, don Allah a ba mu tsari: me ake fara ɗaurewa, me ke lalacewa a hanya, kuma ya ake yi da kayan tsofaffi?

Mai amalanke: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da zaɓen rana. Litinin da Juma'a ranakun kasuwar Maraɗi ne, amalanke da adaidaita duk suna can, wanda ka samu kuma zai tsauwala. Idan da hali a kauce wa watan 7 da na 8, don hadari ɗaya ya isa ya jiƙa katifa da gero gaba ɗaya. A bazara kuwa a fara lodi bayan sallar asuba, a tsaya kafin rana ta take, saboda jaki ba ya jan kaya cikin rairayi da tsakar rana.

Ciniki a yi shi a kan sawu, ba a kan yini ba, a kuma faɗa tun farko ko da dako a ciki. Wajen lodi, nauyi ya zauna daidai kan ƙafafun amalanke. In ya yi baya, sandunan za su ɗaga jakin sama. In ya yi gaba, bayansa zai gurje. Buhu da akwatin ƙarfe a ƙasa, katifa a sama, igiya ta ratsa sau biyu a gicciye. A sa wa kowane ƙulli lamba da alli ko gawayi, mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida yana rubuta abin da ya fita, wani a sabon gida yana ƙirga abin da ya shiga. Yawancin kayan da ake cewa sun ɓata a hanya, a ƙofar gida suke ɓata, lokacin da kowa ke shiga yana fita.

Kafinta, Sabon Gari: Kafin a kwance komai a je sabon gidan da awo. Faɗin ƙofar zaure, faɗin ƙofar ɗaki, da kwanar da ke tsakaninsu. Kabad da ya shiga ƙofa yana iya maƙalewa a kwana.

Katako iri biyu ne. Akwai na itace na gaske, wannan yana jure kwancewa da ɗaurawa. Akwai na garin katako da aka matse, wanda yawancin gadaje da kabad na amare na yanzu da shi ake yi. Shi ramin sukurunsa yana buɗewa duk lokacin da aka kwance, a karo na biyu ko na uku sai ka ga ƙofa ta saki. Idan zai wuce ƙofa a haɗe, a cire ƙofofi da aljihuna da madubi kawai, a ɗauki gangar jikin yadda take. In dole sai an kwance, a ɗauki hotonsa da waya, a rubuta lamba a gefen kowane allo ta ciki, notuna da sukurun kowane gado a ledarsu daban, a manna ledar a jikin gadon da salatif. Kada a tara su cikin gwangwani guda, ranar ɗaurawa rigima ce. Kuma wannan katakon, ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, ba ya komawa.

Madubi da gilas a tsaye ake ɗaukarsu, tsakanin katifu biyu. A kwance, rami ɗaya a hanya ya isa. Sannan a duba gaɓoɓin gado da ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo. In an ga ɗigo-ɗigo baƙi, a zuba wa gaɓoɓin gadon ƙarfe tafasasshen ruwa, a shanya katifa kwana biyu, kada a kai su sabon ɗaki.

Hajiya mai jere: Sannu da ƙoƙari, Malam kafinta. Ni zan tsaya kan kayan mata, don nan ake zubar da hawaye.

Kwalla da langa da samira, fentinsu kamar gilas ne a kan ƙarfe. Da sun gogi juna sai ya ɓantare, wurin ya yi baƙi, tsatsa ta kama. Ana jera su cikin juna, amma da tsumma ko tsohon ɗankwali tsakanin kowace biyu, kada su wuce shida a jeri guda. Murfi a naɗe shi daban, a tsaye a gefen kwali. Tangaran ma a tsaye, kamar yadda ake jera faifai, ba a kwance ba, a cusa tsumma har sai in an girgiza kwalin ba a ji ƙara. Kwali kuma kada ya fi abin da mace ɗaya za ta iya ɗagawa.

Ƙwarya ba a danne ta. Babba a ƙasa, ƙarama a ciki, zane a tsakani, a ɗaure cikin babban zane a ɗauka a ka ko a cinya. Wadda ta tsage ba a yar da ita, masu ɗinkin ƙorai suna nan. Randa a juye ruwanta kwana biyu kafin tashi ta bushe, don jiƙaƙƙiyar randa ta fi nauyi kuma ta fi saurin buɗewa. A zaunar da ita a kan tsohuwar tayar babur ko gammo mai kauri, a cika cikinta da tsummoki, a ɗauke ta ta ciki, ba ta baki ba.

Abin da nake so matan gidan su ji shi ne wannan. Jeren uwar gida ba tarin kwanoni ba ne. Wannan langar gwaggo ce ta kawo ranar kai amarya, waccan tasa da kuɗin adashin uwa aka saye ta, ga wadda aka ba da ranar sunan ɗan fari. Mai kayan ta san kowace ɗaya. Saboda haka ita za ta sauke jerenta da hannunta, ita za ta ce wannan ya tafi, wannan a ba ƙanwa. Kada miji ko ƴaƴa maza su yanke mata hukunci da cewa sabon ɗaki ba shi da wuri. A ba ta mako guda kafin ranar, kada a bar shi sai amalanke na ƙofa.

Wata ƴar'uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo: Hajiya, gaskiyarki, amma akwai kayan da shekara goma ba a buɗe ba. In duk aka kwasa, sabon gida zai cika kafin a zauna.

Hajiya mai jere: Ƴata, ban ce a kwashe duka ba. A shimfiɗa tabarma uku: abin da ake amfani da shi, abin da za a bayar, da abin da ake riƙewa don wanda ya ba da shi. Ta ukun ita ce ba a gaggawa da ita. Daga kwalla goma sha biyu na uwa ana iya riƙe biyu, sauran a raba wa ƴaƴa mata da jikoki, a faɗa wa kowace daga inda tata ta fito. Da haka ɗaki ya samu wuri, kayan kuma ba su bar dangi ba.

Malamin makarantar allo, Limanci: Allah ya saka, Hajiya. Ina ƙara gyara ɗaya game da kayan marigayiya. Idan ba a raba gadonta ba, kayan nan na magada ne, har zanen da ya koɗe da tabarmar da ta mutu. Babu wanda ke da ikon sadakar da su ko jefar da su shi kaɗai, ko da babban ɗa ne. A tara magada a buɗe akwatin a gabansu, a rubuta abin da ke ciki, a kira malami ya raba, ko kowa ya yafe da bakinsa. A duba ƙasan adudu da ƙullin bakin zane da kyau, tsofaffi a nan suke ajiye zinariya da azurfa, wani lokaci har da ajiyar wasu. Amana a fara mayar da ita kafin rabo.

Alƙur'ani rubutun hannu kuma ba ɗinkakke ba ne, warƙa-warƙa yake. In ya zube, tsarinsa ya watse. Abin da ke ceto shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba ke farawa, amma bin ta aiki ne na kwanaki. Don haka a matse shi tsakanin marfinsa biyu, a ɗaure da igiyar fata, a mayar cikin gafaka, mai alwala ya riƙe shi a hannu. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon ruwa ɗaya yana narkar da layi. Ana iya rufa masa leda don hanya, amma a cire da an isa, saboda leda tana gumi. Alluna a haɗa fuska da fuska a ɗaure. Wanda ke da rubutu a jiki ba a ɗora masa kaya.

Wani dattijo, Mokoyo: Malam ya yi daidai. Ku tuna garin nan kansa tashi ya yi. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa mutane suka baro tsohon gari a kwari suka hau tudu. Gidan gado irin wanda ake magana, idan an ga tsohon turmi ko akwati ko takobi da ba a san asalinsa ba, a tambayi tsofaffin da suka rage kafin a taɓa, yana yiwuwa da shi aka hawo. A kunna waya a naɗi muryarsu suna faɗin na wane ne. Turmi in gindinsa ya fara tsagewa ana ɗaure shi da ɗanyar fata ko ƙarfe, ya ƙara shekaru.

Ma'aikaciyar ofis: Takardu su ne abin da ya fi wuyar sakewa. Takardar haihuwar kowane yaro, takardun fili da na sayen gida, katin ɗan ƙasa, katin rigakafi, sakamakon lakwal, takardar aure. A haɗa su a jaka guda, a ɗauki hoton kowace da waya, a kai jakar gidan wani amintacce kwana biyu kafin tashi, a karɓo bayan an natsu. Ba sa hawa amalanke.

Hotunan da suka manne da juna saboda laimar damina, kada a ɓamɓare su da ƙarfi, fuskar za ta bi bayan ɗaya hoton. A kai su haka wurin mai hoto. Waɗanda ke lafiya a sa farar takarda tsakaninsu, a rubuta sunaye da shekara a baya da fensir, ba da biro ba, don biro yana ratsowa.

Ranar fita a ɗauki hoton lambar kontar kuran da ta ruwa, a biya abin da ya rage, a riƙe rasit. In kontar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, da sunanku take, a je a rufe ko a sauya suna, in ba haka ba bashin wanda ya shigo bayanku a kanku zai hau. Masu haya su zagaya ɗakunan tare da mai gida da shaida ɗaya kafin miƙa makulli, a nan ake warware maganar kuɗin ajiya.

Mai gyaran firigo: A kashe firigo yini guda kafin tashi, ƙanƙara ta narke, a goge. A tsaye ake ɗaukarsa, a ɗaure ƙofar da zane. In aka kwantar, man injin yana gangarawa cikin bututu, in aka kunna nan take injin na iya ƙonewa. Wanda ya zo a tsaye a ba shi awa 4, wanda aka kwantar a ba shi awa 24. Tukunyar gas a rufe, a cire tiyo, a tsaye ita ma, ba a cikin rufaffiyar mota da rana ba. Masu sola su fara cire wayar faifan daga na'urar caji kafin ta batir; wajen haɗawa kuma batir ne farko.

Mai kiwo, hanyar Tibiri: Buhun gero mai tiya 40 kilo 100 ne, yana karya bayan ɗan dako kuma yana yagewa a baki. A raba shi biyu. A sabon gida kada ya taɓa ƙasa ko bango, sabon siminti yana fitar da laima wata da watanni. A ɗora a kan katako ko bulo. A duba gara a gindin bango tun kafin a shigar da akwatunan tufafi.

Awaki da tumaki su ne na ƙarshe, bayan an kafa turke da rumfa an ajiye ruwa. Jar akuya mai ciki a ɗauke ta a adaidaita, kada a kora ta. Kaji da dare ake kama su a kan makwancinsu, a rufe su kwana uku a sabon akurki. Tantabaru kuwa, daga Bagalam zuwa Zariya ba nisa ba ne a wurinsu, ranar da aka sake su za su koma tsohon gida. A rufe su aƙalla mako uku, in sun yi ƙwai ya fi, sannan a fara sakinsu da yamma kafin a ba su hatsi.

Hajiya mai jere: Na manta ƙullin daren farko. Buta, tabarmar salla, gidan sauro, fitila, ashana, tukunya ɗaya, kwanoni, maganin tsofaffi, kayan lakwal na yara. Shi ake lodawa a ƙarshe don ya fara sauka. Kwana biyu kafin tashi kuma a bi maƙwabta gida-gida a yi sallama a nemi gafara, a mayar da kayan aro, a karɓo rariya da taɓaryar da ke gidan wasu, a daidaita da uwar adashi yadda za a riƙa kai zubi.

Mai tambaya, Bagalam: Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu ɗaya, Malam: bishiyar darbejiyar da marigayiya ta dasa a tsakar gida.

Malamin makarantar allo, Limanci: Babbar darbejiya ba ta tasuwa, saiwarta ta yi nisa. A duba gindinta, akwai ƴaƴan da suka tsiro. A zaɓi masu tsawon taƙi ɗaya, a haƙo su da ƙasarsu da yamma, a sa a leda mai huji a ajiye a inuwa mako biyu. A dasa biyu ko uku, nesa da bango da ramin masai kamar taku biyar, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a riƙa ba su ruwa safe da yamma har su yi sabon ganye.