Na canja tiyon lagireto amma ruwa bai daina ɗiga ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tiyon sama na lagireton motata ne ya kumbura dab da baki, makanike ya sa sabo. Sai ya cire kilif ɗin asali, wanda ake matsewa da filaya, ya sa mai sukuru, wai ya fi kamu. Yanzu da safe nakan tarar da ɗigon ruwa a ƙarƙashin bakin tiyon, amma da injin ya ɗau zafi sai ya ɗauke. In ƙara ɗaurewa ne, ko tiyon ne jabu?

Wani makanike: Wa alaikumus salam, Malam. Ban zargi tiyon ba tukuna, kilif ɗin na zarga. Roba da bakin lagireto suna buɗewa da zafi, su tsuke da sanyi. Kilif na asali sifirin ne, yana bin su duk yadda suka motsa. Mai sukuru kuwa inda ka bar shi nan yake tsayawa. Robar ta lotsa a ƙarƙashinsa, dare ya yi ta tsuke, 'yar kafa ta samu. Shi ya sa da safe kawai kake gani. Ka nemo na asali daidai faɗin tiyon, a zaunar da shi bayan ɗan tudun nan da ke bakin bututun, kada a ɗora shi a kan tudun. Maganar ƙara ɗauri kuma, a hankali: bakin lagireto na yawancin motocin yanzu filastik ne, in ya tsage, lagireto ɗungurungum za ka saya.

Wani direba: Oga ya faɗi gaskiya, amma ni tambayata: me ya kumbura na farkon? Duba ko baƙin mai na zuba a wurin. Robar tiyon ruwa ba ta shiri da mai, tana shan sa sai ta yi laushi ta kumbura. In ba ka tsayar da yoyon ba, sabon ma haka zai yi.

Wata 'yar uwa: Ku ƙara masa da murfin lagireto. Galibi an yi shi ya saki matsin da ke cikin lagireto in ya kai wajen bar 0.9 zuwa 1.1 (bar ma'aunin matsi ne), lambar na rubuce a samansa. In ya maƙale, tiyo ne ke shan wahala.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To sauran tiyoyin fa? A ido lafiyarsu lau.

Makaniken: Ido ba ya isa, Malam, daga ciki suke fara ci. Bari injin ya huce sarai, sannan ka matsa kowanne da yatsu, musamman kusa da kilif. Wanda ya yi lagwaf, ko ya sandare yana ƙas-ƙas, ya gama aiki. Kar ka manta da na ƙasa da ƙananan na hita da ke bayan injin, sa'annin wanda ya lalace ne. In tsohon ya manne, a tsaga shi da reza a tsaye, ban da cusa sukundireba. Bayan an zuba ruwa a fitar da iskar da ta shiga, in ba haka ba allurar zafi za ta hau. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin nan injin na da zafi.