Wa ya taɓa zuwa dogayen gidajen nan na Kaiping daga Gwanzu?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Insha Allah wata mai kamawa zan tafi Gwanzu saro takalma da jakunkuna, kuma ejan ɗina ya ce lodin kwantena sai bayan kwana huɗu da gama sayayya, ni kuma bana son in zauna a otal a unguwar Xiaobei ta Gwanzu haka kawai. Wani ɗan Chaina da muke hulɗa ya turo min hotunan wasu gidaje dogaye kamar hasumiya a tsakiyar gonar shinkafa, tagogi ƙanana duk ƙarfe, can sama kuma ado irin na Turawa, ya ce wai Kaiping sunan wurin. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Akwai wanda ya taɓa zuwa? Ana zuwa a dawo rana ɗaya? Abinci da sallah fa?

Alhaji mai taya, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanina. Na je, kuma kada ka bari ya wuce ka. A mota wajen awa biyu ne daga Gwanzu, akwai kuma jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Guangzhou South (tashar kudu ta Gwanzu) zuwa Kaiping South, amma riƙe fasfo ɗinka don ba a sayar da tikiti sai da shi. Abin da zan ja maka kunne, gidajen ba wuri ɗaya suke ba, a warwatse suke ƙauye-ƙauye, don haka ka yi ciniki da mai tasi ya zauna da kai wuni guda, in ba haka ba rabin ranarka a bakin titi za ta ƙare. Fara da ƙauyen Zili. Nan ne na hau wani gida da ake ce ma Mingshi Lou, ƙofar ƙarfe ce mai kauri sai ka sa kafaɗa, matakala matsattsiya mutum biyu ba sa giftawa, kuma a kusurwoyin sama akwai ƴan ɗakuna da suka fito waje da ramuka ta ƙasa inda ake zura bakin bindiga. Na leƙa ta ramin na hango daidai bakin ƙofar gidan, wato duk wanda ya zo fasa ƙofa yana ƙarƙashinka. Ciki kuwa gadaje da kujeru da manyan akwatunan tafiya suna nan a ajiye. In da sauran lokaci ka wuce Jinjiangli ka ga Ruishi Lou mai hawa tara. Abinci ka yi guzuri daga gidajen abincin musulmi na Xiaobei, ƙauye ne alade ko'ina. Masallaci ban gani ba, darduma na shimfiɗa a gefen gona na yi azahar da la'asar ba wanda ya ce min kanzil.

Malama daga Nima:
Yaya bari in ƙara kan maganar Alhaji. Sunan gidajen diaolou, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2007. Sun haura 3,000 a da, yanzu wajen 1,800 suka rage, yawancinsu an gina su ne tsakanin 1920 da ƴan shekarun 1930, duk da akwai tsoho tun ƙarni na 16, Yinglong Lou. Mutanen yankin ne suka tafi cirani Amurka da Kanada da Ostareliya, haƙar zinariya da aikin layin dogo, daga baya wanki da guga da gidan abinci, har Kaliforniya suke kira Dutsen Zinariya. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Chaina shiga, kawo mata da yara ya zama da wuya ƙwarai, sai dai a turo kuɗi gida. To kuɗin ne ya jawo ƴan fashi, suna sace iyalan maciranta suna neman fansa, ga kuma ambaliya, shi ya sa aka yi ta gini sama da siminti da rodi da aka shigo da su daga waje. Wani na mutum ɗaya ne, wani gidaje da yawa suka yi karo-karo kowa da ɗakinsa na ɓuya, wani kuma na gadi ne kawai a bakin gari. Nakan faɗa ma ɗalibaina, ginin tsaro na Elmina baƙi ne suka zo suka gina a ƙasarmu Ghana a 1482, waɗannan kuwa ƴan ƙasa ne suka fita suka gina da guminsu.

Hajiya mai atamfa, Kumasi:
Ni ban je ba amma maganar akwatunan nan da Alhaji ya yi ta sa ni hawaye. Wana shekara goma sha tara yana Italiya, aikin gona da fakitori, duk abin da ya samu nan yake turowa, ni nake tsaya ma magina, bulo ɗaya-ɗaya har bene ya tashi, ya turo hoton baranda irin ta can ya ce haka yake so, aka yi masa. Yau gidan a kulle, ni ke zuwa duk juma'a in buɗe tagogi iska ta shiga in share ƙura a kan kujerun da ko ledarsu ba a cire ba. Sau biyu kacal ya kwana a ciki. Ƴaƴansa ko Hausa ba sa ji sosai. Duk unguwa ana cewa gidan boga ne, wato mai zama Turai, ba wanda ya san sanyin da yake sha. Ɗan Aboabo don Allah in ka je ka tambaya min, masu gidajen nan sun dawo sun zauna ciki ko can suka mutu?

Malama daga Nima:
Hajiya wasu sun dawo sun tsufa a ciki, amma da yawa a kulle suke shekara da shekaru, jikokin suna ƙasashen waje. Allah ya dawo da yayanmu lafiya ya ci moriyar guminsa.

Ɗan Aboabo:
Amin Malama, na gode muku duka. Hajiya zan tambaya, kuma zan ɗauko miki hoton akwatunan. Alhaji ƙarfe nawa ka bar Gwanzu da safe?