Sabon injin walda: ku ba ni abin da kuka gani da idonku

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin injin walda mai amfiya 160 don gyare-gyaren gida, irin su ƙofa da ƙafar tebur. Matsalata ilektirod, wato sandar walda, sai liƙewa yake a jikin ƙarfe, kuma gabana na faɗuwa duk lokacin da zan kunna. Don Allah waɗanda suka riga ni, me kuka koya wajen haɗa shi da kiyaye kai?

Tsohon Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zargi hannunka, duba waya ta biyu, wadda ake maƙalawa a jikin aikin. Yawancin yaran da suka koya a hannuna a nan suke tuntuɓe. Sai su maƙala ta a kan fenti ko tsatsa, wuta ba ta wucewa sosai, ilektirod ya yi ta kamawa. Ka gurje wurin har ƙarfe ya yi fari, ka maƙala kusa da inda za ka haɗa. Sai kuma ƙarfin wuta: ilektirod mai lamba 6013 mai kaurin milimita 2.5 yana son wajen amfiya 60 zuwa 90, na 3.2 kuma 90 zuwa 130. In ka rage ƙasa da haka, liƙewa dole. In ka zarce, tartsatsi zai yi yawa, ƙarfe marar kauri ya huje. Ka ja bakinsa a kan ƙarfen kamar mai ƙyasta ashana, da ya kama sai ka ɗaga kaɗan, tazarar kada ta wuce kaurin ƙarfen cikin ilektirod ɗin. In ya liƙe, murɗa shi gefe da sauri, ko ka buɗe mariƙin ka sake shi. Kada ka bar shi ya yi ja.

Mai Gyaran Tarakta: Baba ya gama magana a kan haɗawa. Ni ido zan yi wa magana, don na kwana da wanda abin ya kama. Abokin aikina ne yake riƙe min ƙarfe, bai sa komai a fuska ba, juya kai kawai yake yi. Mun tashi lafiya lau. Cikin dare ya farka ido jajir, hawaye na zuba, ko hasken fitila ba ya iya kallo. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma sai bayan awanni ake ji, shi ya sa mutane ke raina shi. Baƙin tabarau na rana bai isa ya tare hasken walda ba. Ka nemi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, kuma duk wanda zai tsaya kusa da kai shi ma ya rufe. Wajen kakkaɓe kashin walda, wato ɓawon da ke daskarewa a kan haɗin, ka sa farin tabarau, don ɓarɓashin yana tsalle da zafinsa.

Maƙeriya: Ɗan uwa, tufa ma. Auduga mai kauri ko fata, hannu dogo. Leda-leda narkewa take ta manne a jiki. Ƙafar wando ta rufe bakin takalmi, na ga yadda ɗigo ɗaya ya faɗa wa mutum cikin takalmi ya rasa yadda zai cire.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai. To batun jan wuta fa, Baba? Shi ne babban tsorona.

Tsohon Mai Walda: Tsoron yana kan hanya. Injin a kunne ko ba ka walda, akwai bolt 50 zuwa 80 a bakin mariƙin. Da busasshiyar safar hannu ba za ka ji ba. Amma ka yi gumi, safa ta jiƙe, kana tsaye a wuri mai laima, sai ya fizge ka lokacin canza ilektirod. Ni safa biyu nake ajiyewa, ɗaya ta jiƙe in ɗauki ɗaya. Kada ka rataya waya a kafaɗa, kuma duk inda robarta ta tsage a gyara kafin a kunna.

Mai Gyaran Tarakta: Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne durom ko tankin da aka taɓa zuba fetur. Wai an zubar, babu komai ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa. Sabon hannu kada ma ya taɓa. Haka farin ƙarfen da aka shafe da zinki: hayaƙinsa na sa zazzaɓi da makyarkyata da dare. Gurje shafin tukuna, ka yi aiki inda iska ke ratsawa, kanka kada ya shiga cikin hayaƙin. Tartsatsi kuma na iya kai mita 10, don haka kwashe tsumma da kwali da jarka, in ka gama ka zauna rabin awa kana duba wurin.

Maƙeriya: Duba takardar jikin injin. In an rubuta kashi 60 a wani ƙarfin wuta, minti 6 ke nan na walda cikin kowane 10, sauran ya huta fanka na juyawa. Fara da 6013 a kan guntun ƙarfe mai kauri, shimfiɗe a tebur. Ilektirod mai lamba 7018 ka bari sai hannu ya faɗa, ya fi wuyar kamawa kuma ba ya shiri da danshi.