Muhawara: Ya kamata manhajar ajiye bayanai ta gane alamar # a tsakiyar rubutu?

Ɗan jarida: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk manhajar ajiye bayanai da ba ta ɗaukar kalmar da aka fara da # a matsayin laƙabi, wato kalmar da ake rarraba bayanai da ita, an bar ta a baya. Jiya a taron manema labarai ina rubutu da babban yatsa a waya, na tsaya na buɗe wani akwati daban domin in saka laƙabin kasafi, kafin in dawo mai jawabi ya ambaci alƙaluma biyu sun wuce ni. Da a manhajar Bear ko ta Obsidian nake, #kasafi kawai zan rubuta in ci gaba. Ko Apple ya ƙara wannan a manhajarsa ta Notes a 2021, da fitowar tsarin iOS 15 na iPhone.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, alamar nan tana da ayyukanta tun kafin Chris Messina ya ba da shawarar amfani da ita a Twitter a watan Agustan 2007. A tsarin Markdown na tsara rubutu da alamomi, wanda John Gruber ya fitar a 2004, # a farkon layi kan magana take nufi, kuma duk da cewa ƙa'idar CommonMark, wadda ta daidaita Markdown, ta wajabta barin tazara bayanta, mutane da yawa sun yi tsofaffin rubuce-rubucensu ba tare da tazarar ba. Ni kuwa bayanaina cike suke da #include na harshen rubuta manhaja mai suna C da lambobin launi irin su #FF0000. Obsidian ba ya karɓar laƙabin da lambobi ne zalla, kamar #1984, amma lambar launin nan tana da haruffa, saboda haka za ta shige. Ranar da aka kunna wannan tsari, jerin laƙabobina zai zama juji.

Malama: Injiniya, damuwarka gaskiya ce, sai dai gyaranta na mai rubuta manhaja ne: a hana ta duba abin da ke cikin shingen lambobin kwamfuta da adireshin intanet. Ni abin da ya dame ni daban ne. Shekara huɗu ina tara bayanan bincikena a wata manhaja mai ajiye laƙabi a rumbunta na daban, da na fitar da su zuwa fayilolin rubutu zalla, kalmomin suka fito, laƙabobin suka tsaya can. Wanda aka rubuta a jikin jimla kuwa, duk inda fayil ya je yana tare da shi, kuma yana nuna ainihin sakin layin da ake nufi a rubutu mai shafi goma.

Injiniya: Na yarda da batun ƙaura, Malama. To amma idan kika so sauya sunan laƙabi ɗaya fa? A rumbu, wuri guda za a gyara. A cikin rubutu, sai manhajar ta buɗe kowane fayil ta taɓa kalmominki, sannan dukkansu su sake hawa zuwa sauran na'urorinki.

Mai fassara: Ku gafarce ni, akwai abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa wanda ba a ambata ba. Laƙabin cikin rubutu yakan yanke ne inda ya ci karo da tazara ko alamar rubutu, don haka #ma'aikata sai ya koma #ma, #jami'a kuma ya koma #jami. Sannan wanda ya rubuta #ƙasa a kwamfuta, gobe ya rubuta #kasa a wayar da ba ta da ƙ, ya raba bayanansa gida biyu bai sani ba. A akwatin daban, daga jeri ake zaɓa, kuskuren yakan ragu.

Ɗan jarida: Manhaja na iya nuna jerin da zarar an danna #, kamar yadda Obsidian yake yi. Batun ma'aikata kuwa, gaskiya ban taɓa lura da shi ba. To a sa maɓallin kunnawa, mai so ya kunna.

Injiniya: Da sharaɗin ya zo a kashe, kuma kafin ya fara aiki ya nuna wa mutum jerin kalmomin da zai mayar laƙabi a tsofaffin bayanansa, ya cire waɗanda ba ya so.