Ku da kuka fara falsafa daga tushe, ta ina kuka shiga?

Ɗan Wadata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayata ga duk wanda ya shiga karatun falsafa don kansa ce, ba don jarrabawa ba. Gyaran waya nake yi a nan Yamai. Seri D na yi, ɓangaren kimiyya, filo kuwa, wato falsafa, a tarminal, ajin ƙarshe na lise, muka gamu da ita, muka haddace maganganun manya muka zuba a takardar jarrabawar bak, aka rabu. Amma akwai tambayoyin da suka ƙi barina: ta yaya mutum zai tabbatar abin da ya sani gaskiya ne, kuma me ya sa abin da wani ke kira adalci wani ke kiransa zalunci? Na sayi babban littafin Kant, masanin falsafa Bajamushe, na 1781 wurin masu shimfiɗa tsoffin littattafai a bakin hanya, sai in gama shafi in iske ban riƙe komi ba. Don Allah ku ba ni labarin yadda kuka fara, da abin da ya tare ku, har da abin da mutanen gida suka ce.

Mushe na Tahoua

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye Kant tukuna. Littafin nan amsa ce ga wata gardama da ta riga shi, tsakanin masu cewa sani daga hankali yake fitowa da masu cewa daga gani da ji da taɓawa yake. Wanda bai ji gardamar ba, amsar ba za ta zauna mishi ba.

Filo nake koyarwa a wani lise nan Tahoua. Kowace shekara yara na zuwa da kaye cike da maganganun da yayyensu suka bar musu, wane ya ce, wane ya ce, kuma suna zaton ita ce falsafar. Wata rana na rubuta tambaya guda a allo: mene ne jaruntaka? Wani yaro ya ce jarumi shi ne wanda ba ya ja da baya. Wata yarinya daga bencin ƙarshe ta ce, to ɗan kokowar da ke ja da baya don abokin karawarsa ya biyo shi ya kayar da shi fa, matsoraci ne? Yaron ya yi shiru, ya gyara, ya ce jarumi shi ne wanda ba ya jin tsoro. Wani kuma ya ce ƙanensa mai rarrafe ya taɓa miƙa hannu zai kama kunama ba tare da tsoro ba, shi ma jarumi ne? Aka buga ƙararrawa suka fita, na hango su gindin dogon yaro suna ta faman gardama. Washegari na raba musu wata tattaunawa da Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya rubuta, inda malaminsa Sokrat ya yi wa shugabannin yaƙi biyu, Lakes da Nisiyas, wannan tambaya. Amsar farko da Lakes ya bayar ita ce ta yaron nan, tsayawa cikin sahu ba gudu, Sokrat kuma ya kawo mishi misalin mahaya dawakai masu yaƙi suna gudu. Ban taɓa ganin ajin ya karanta wani abu da ƙwazo irin na ranar ba.

Saboda haka fara da gajeren abu. Akwai jawabin kare kai da Sokrat ya yi gaban kotun Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda Aflatun ya rubuta, a zama biyu ko uku ka gama shi. Daga nan ka ɗauki ƙaramin littafin Dekart na 1637 kan hanyar bi da hankali. Kashi shida ne, kuma da Faransanci ya rubuta shi a zamanin da masana ke rubutu da Latin, don wanda ba masani ba ya iya karantawa. Duk sakin layin da ka gama, rufe littafin ka rubuta da Hausa abin da yake so ka yarda da shi, da dalilin da ya kawo, da abin da za ka ce in kana son ƙaryata shi. In ya ƙi fitowa da Hausa, koma ka sake karantawa.

Malam na Bukoki

Mushe ya faɗi gaskiya, amma ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Ni ban zauna benci ba, a zaure na yi karatu. Ranar da muka buɗe Ummul Barahina, littafin tauhidi na Shehu Sanusi, sai malaminmu, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauki tsakuwa ya aza kan buzunsa. Ya ce hukuncin hankali uku ne. Tsakuwar nan dole ta cika wani wuri, wannan wajibi ne, hankali ba ya ɗaukar rashinsa. Ta zama ba ta motsi kuma ba ta tsaye, wannan mustahili ne. Ta motsa ko ta tsaya, kowanne ja'izi ne. Sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawo misalinsa, wanda ya kawo gurgun misali a warware mishi shi nan take. Daga ranar na fara tambayar kaina, duk maganar da na ji, a wane gida take cikin ukun nan.

Bayan haka muka karanta Sullam, waƙar manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, ta Shehu Abdurrahman Al-Akhdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16. Shi ne dai mai Ahalarin da yaranmu ke koyon tsarki da salla a ciki. A cikin waƙar ya kawo saɓanin malamai kan karatun manɗiƙi: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halaccinsa ga mai kaifin basira wanda ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili ma, wanda ya ratsa Ayar da Kano da Gao a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare manɗiƙi. Ɗana, gardamar da za a yi maka a gida tsohuwa ce, manya sun riga ka yin ta. Sai dai ka nemi malami, kada ka yi ta kai kaɗai.

Ɗalibar Harobanda

Yaya Ɗan Wadata, tunda ka tambayi maganar gida bari in ba ka tawa. Da na ce falsafa zan karanta a Jami'ar Abdou Moumouni, inna ta yi kuka. Abin da ta sani shi ne filo na taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya bar salla ya riƙa magana shi kaɗai. Baba bai ce komi ba, kuma shirunsa ya fi kukanta nauyi.

Abin da ya buɗe magana tsakanina da shi Imam Gazali ne, wanda ya rasu a 1111. Baba na girmama shi ƙwarai saboda littafinsa Ihya. Na kawo mishi Munƙizu, ƙaramin littafin da Gazali ya ba da labarin kokwanton da ya kama shi. Muka karanta wurin da ya ce ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take a hankali, yana ganin tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma, to wa ya tabbatar hankalin ma ba shi da wani alƙali a samansa? Baba ya karɓi littafin ya duba bangonsa da kyau. Na kuma nuna mishi cewa Gazali sai da ya karanci masu falsafa har ya ƙware kafin ya soke su, cikin mas'aloli 20 kuwa uku ya kafirta su a kai: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Lissafi da manɗiƙi ya ce ba su ci karo da addini ba. Wanda ya mayar mishi da martani kuma, Ibnu Rushdi, alƙalin Malikiyya ne a Kurɗuba.

Ba zan ce sun saki jiki duka ba. Inna har yau in na zo hutu tana lura da ni lokacin asuba. Amma abin da ya fi ba ni wuya ba wannan ba ne. Shi ne a rushe maganata gaban mutane in zauna in saurara har ƙarshe, musamman a ajin da maza suka fi yawa kuma suka fi ɗaga murya. Wannan ya ɗauke ni lokaci mai tsawo.

Direban Tahoua

Mushe a yi mini afuwa, ba kowa ke da lokacin kaye da alƙalami ba. Ni tsakanin Yamai da Tahoua nake, ta Dosso da Dogon Dutsi da Konni. Darussa nake saukewa a waya in saurara in na sauke fasinja. Da kunne na fara, kuma na ƙaru.

Mushe na Tahoua

Ba laifi Alhaji, Sokrat kansa bai rubuta komi ba. Sai dai ka sami wanda zai musa maka abin da ka ji, don waya ba ta ce maka a'a.

Ba'adare

Ni abin da ke damuna, don me kullum sai Girka da Faransa da Bagadaza? Kakata ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma karin maganar da ke bakinta ta ishi mutum zaman duniya. A wurinta na fara, ban kuma ga na rasa komi ba.

Ɗalibar Harobanda

Kawu, wannan gardamar mun sha ta a aji. Wani fada ɗan Beljiyam, Placide Tempels, ya fitar da littafi a 1945 yana cewa Bantu na da falsafarsu a cikin al'adunsu. Paulin Hountondji na Benin, wanda ya rasu a 2024, da Marcien Towa na Kamaru suka ce tattara abin da al'umma ta gada ba shi ne falsafa ba, sai mutum ya tsaya da sunansa ya kawo hujja a iya musa mishi. Ni ina tsakiya. Kaka ta ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, ita ce kuma ta ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Duka biyu gaskiya ne. Yaushe ake bin wannan, yaushe ake bin waccan, kuma da wane ma'auni? In ka zauna kana neman wannan amsa, ka shiga, kuma daga bakin kaka ka shiga.

Direban Tahoua

To ga abin da nake son a musa mini. Na ji an ce Sokrat na ganin ba wanda ke aikata mugun abu da saninsa, jahilci ne ke sa shi. Ban yarda ba. Na san direbobin da suka ɗauki gawar abokansu daga bakin hanya da hannunsu, sun san abin da gudu da barci ke yi, gobe kuma su taka mota ba su runtsa ba don su riga wani lodi. Wane jahilci ya rage musu?

Malam na Bukoki

Alhaji, mu a wurinmu son zuciya ake ce ma wannan. Ilimi na nan, zuciya ta fi ƙarfinsa.

Mushe na Tahoua

Aristo, ɗalibin Aflatun, shi ma bai yarda da Sokrat a nan ba, ya ce maganar ta saɓa wa abin da kowa ke gani. Ya ware kashi na 7 na babban littafinsa na ɗabi'a ga mutumin da ya san daidai ya kasa riƙe kansa, ya kwatanta saninsa da na mai barci ko mai maye, yana da shi amma ba ya aiki da shi a lokacin.

Ɗan Wadata

Allah ya saka muku da alheri, na samo jawabin Sokrat na fara. Amma Alhaji bari in tsaya wa Sokrat kaɗan. Direban nan ya san gudu na kisa. Lokacin da ƙafarsa ke kan totur, ya yarda shi zai kashe yau, ko yana ganin hannunsa ya fi na abokin da ya mutu? In na biyun ne, akwai abin da bai sani ba game da kansa, kuma ban ga yadda za a ce Sokrat ya faɗi ba tukuna. Malam, son zuciyar da ka ce, yana barin ilimin yadda yake ne ya rinjaye shi, ko sai ya fara ɓata shi?