EEG da altrasawun a kai ɗaya: ta yaya ake gane an samu wurin?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum malamai. Ana shirin gwaji a nan Jos: altrasawun (sautin da ya wuce jin kunne) mai sauƙin ƙarfi, 500 kHz, a cilla shi ta ƙoƙon kai zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai karɓar jin taɓawar hannu, a sa hular EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai, a ga ko ya amsa. Bayan kowane bugun altrasawun layin EEG yana motsawa wajen milisakan 100 (kashi ɗaya cikin goma na sakan). Wannan ya isa shaida?

Injiniya, Rayfield: Wa alaikumus salam. Bai isa ba, ƙanena, ina ma zargin kunne ne ya amsa. In ana kunna bugun ana kashewa sau 1000 a sakan, ƙashin kai yakan kai ƙarar har kunnen ciki, mutum ya ji ɗan "tiii", ita kuwa amsar ji a milisakan 100 take fitowa, ta fi ƙarfi a tsakar ka. A 2018 bincike biyu a kan dabbobi sun nuna wannan ruɗun. Ka sa kowane bugu ya hau a hankali ya sauka a hankali, kada ya tashi farat ɗaya. Ka sa wa mutum abin kunne mai shuuu da zai rufe ƙarar. Sannan ka buga wani wuri dabam da ƙarfi iri ɗaya. In motsin yana nan, ba daga wurin da ka nufa ya fito ba.

Malama Likita, Abuja: Gaskiyar Injiniya. Kada ka jira altrasawun shi kaɗai ya tayar da layi. Ka zunguri jijiyar wuyan hannu da ɗan lantarki, amsar za ta bayyana a ɗaya gefen kai wajen milisakan 20, kusa da CP3 (wani ilaktirod, wato maɓallin hular da ke taɓa fata, a hagun kai) in hannun dama ne. Ka tara ɗaruruwan bugu ka ɗau matsakaici, da altrasawun da kuma babu, ka kwatanta. Haka Legon da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 2014, suka ga amsar ta ragu. Dole waya ta haɗa na'urar EEG da mai ba da bugun don alamar lokaci, in ba haka ba matsakaicin zai dagule.

EEG ba ya nuna inda sautin ya sauka. Ƙashi yana cinye ƙarfinsa, yana kuma karkatar da shi, ga faɗin wurin bugun 'yan milimita ne kawai. Hoton MRI na ƙwaƙwalwar mutumin ake saiti da shi, hoton CT ya ba ka kaurin ƙashi, a yi lissafi a k-Wave, manhajar da ke kwaikwayon tafiyar sauti. In wurin mai zurfi ne kamar talamus da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, fMRI (MRI mai nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki) ya fi dacewa. Kuma don Allah kwamitin ɗa'ar bincike ya amince tukuna: MI (ma'aunin matsin sautin a kan nama) kada ya wuce 1.9, ɗumin nama kada ya ƙaru da fiye da digiri 2.

Mai gyaran na'ura, Bukuru: Ku kula da jel. Kumfar iska a cikin gashi tana tare sautin, sai a tsefe kitso, a wanke man kai, a shafa jel har fata. Amma in ya malala ya haɗa ilaktirod biyu, layukansu za su zama ɗaya. A bar tazara busasshiya. Turjiyar fata ta sauka ƙasa da kilo-om 5. Lokacin hunturu fata na bushewa, sai an ɗan goge. Wutarmu 50 Hz ce, amma ta janareta tana yawo sama da ƙasa, matatar da ke cire hayaniyar 50 Hz daga layin EEG ba ta kama ta. A ɗauki EEG da batir, wayar altrasawun kuma kada ta kwanta a kan wayoyin hula.